A kwamfutarka yana tashi, a ta kwastoma yana cewa babu DLL: yadda ake gyara rikicin rantayim a instola

Duk wanda yake rubuta manhaja yana sayarwa a garin nan na Kano, ko ta lissafin kaya ce ta 'yan Kwari da Singa, ko ta fitar da sakamakon jarrabawa ta makarantun kuɗi, ko ta masu kemis, ya san kiran nan na "Malam abin naka fa ya ƙi buɗewa". Kace a turo maka hoto ta WhatsApp, sai kaga ɗan akwati ya fito da VCRUNTIME140_1.dll was not found, ko MSVCP140.dll, ko kuma lambar nan 0xc000007b wadda ba ta yi maka bayanin komai. Kai kuma a wajenka lafiya ƙalau yake tashi. Toh dalilin ba wani boyayye bane, kwamfutarka akwai Visual Studio a kai, wanda kake gina manhajar da shi, ya riga ya zuba mata duk laburaren da firogiram ɗinka na C++ yake nema kafin ya tashi, wato fayilolin DLL ɗin nan da ake kira rantayim, ita kuwa ta kwastoma jiya-jiya wani yaro a Farm Centre ko Beirut Road yayi mata famat ya ɗora Windows tsirara, babu komai a ciki. Abinda nake so mu gane tun daga nan shi ne rantayim ɗin nan yana cikin kayanka, kai ne zaka ɗauko shi ka kai, kuma sigar da ta dace da abinda ka gina. Ba aikin mai shago bane ya shiga intanet yana neman DLL.

Kafin komai dan Allah a daina shiga shafukan nan da ake sauke DLL guda ɗaya a jefa a System32. Baka san wanda ya ɗora fayil ɗin ba, baka san ko 32 bit bane ko 64, baka san sigarsa ba, kuma kwamfutar da ake ajiye lissafin kuɗin mutane a kai ce. Sau da yawa 0xc000007b da ake gani daga nan yake fitowa.

Na farko: ka san me firogiram ɗinka yake nema

Kar kayi hasashe. Buɗe Developer Command Prompt na Visual Studio, ka shiga foldar da exe ɗinka yake ka rubuta dumpbin /dependents sannan sunan fayil ɗin. Zai jero maka duk DLL da yake kira kai tsaye. Ka maimaita wa kowane DLL da kake tafiya da shi a foldar, musamman waɗanda ba kai ka rubuta ba, na firinta mai fitar da rasit, na na'urar ɗaukar zanen yatsa, na sikana ta bakod, na rumbun bayanai. Nan ne mutane suke mantawa, exe ɗinka na 2022 ne amma DLL ɗin da kamfanin firinta ya baka tun da Visual Studio 2010 aka gina shi, shi nasa rantayim daban yake nema.

Sunan fayil ɗin kansa yana gaya maka shekara. msvcr80 na 2005 ne, msvcr90 na 2008, msvcr100 na 2010, msvcr110 na 2012, msvcr120 na 2013. Waɗannan kowanne zaman kansa yake, na 2013 baya maye gurbin na 2010, shi ya sa idan ka leƙa jerin manhajojin kwamfuta kake ganin Visual C++ Redistributable sun yi layi, kuma kar ka bari wani yace zai goge tsofaffin wai don ya samu wuri. Daga 2015 ne Microsoft suka canza tsari, 2015 da 2017 da 2019 da 2022 duk gida ɗaya ne, lamba 14, vcruntime140 da msvcp140, fakiti ɗaya ne yake ɗaukarsu duka.

Idan kafi son ka gani da ido akwai wata manhaja kyauta a GitHub sunanta Dependencies, tana nuna reshe-reshe wane yake kiran wane. Tsohuwar Dependency Walker ɗin nan da muka saba tun 2006 ba a sabunta ta ba, a Windows 10 sai ta cika maka fuska da jan rubutu akan fayilolin api-ms-win da ba matsala bane, ka ɓata yini kana bin abinda babu shi.

Kuma in ka ga suna ya ƙare da harafin d, irin vcruntime140d.dll ko msvcp140d.dll ko ucrtbased.dll, tsaya nan. Ginin gwaji, wato Debug, ka tattara a instola, fayil ɗin da yake saka manhajarka, maimakon Release wanda ake ba kwastoma. Babu wani fakiti da zai kawo waɗannan, lasisin Microsoft ma bai yarda a raba su ba. Koma ka gina a Release, ka duba hanyar foldar da instola yake ɗauko fayil, shikenan.

Na biyu: 32 ne ko 64

Rubuta dumpbin /headers akan exe ɗin ka duba layin machine. In kaga 8664 to 64 bit ne, in kaga 14C to 32 ne. Kayi wa duk DLL ɗin foldar haka. Dole duk abinda zai shiga firogiram ɗaya ya zama iri ɗaya, in ka cusa DLL na 32 a exe na 64 kamar ka zuba gas ne a mashin mai shan fetur, ba zai tashi ba, kuma abinda zai nuna maka kenan 0xc000007b.

Abinda yake rikita mutane shi ne rantayim yana bin firogiram ne, ba Windows ba. Kwamfuta 64 bit ce amma manhajarka 32 ce, to vc_redist.x86.exe, fakitin rantayim na 32, kake buƙata, ko da na x64 yana kai. Sannan sunayen foldojin Windows a juye suke, System32 ita ce ta fayilolin 64 bit, SysWOW64 kuma ta 32. Wanda ya sauke DLL da hannu kusan kullum a juye yake jefawa.

Na uku, inda ainihin rikicin siga yake

Nan nake so mu ɗan zauna. Da aka ce 2015 zuwa 2022 gida ɗaya ne, mutane sun ɗauka kowanne ka samu ya wadatar. Ba haka bane. Sharaɗin shi ne rantayim ɗin da yake kwamfutar kwastoma ya kai sabuntar kompailar da kayi gini da ita, wato abinda yake juya kod ɗinka ya zama exe, ko ya fi ta. Sabo yana ɗaukar tsohon firogiram, tsoho baya ɗaukar sabo. Kuma in ka haɗa laburare da yawa, wanda aka gina da mafi sabuntar kompaila shi ne ma'auni.

Lambobin haka suke tafiya: 2015 shi ne 14.0, 2017 ya kama 14.10 zuwa 14.16, 2019 14.20 zuwa 14.29, 2022 ya fara daga 14.30 har ya shiga 14.40. Misali VCRUNTIME140_1.dll sai a 2019 ya fito, don firogiram na 64 bit. Kaga kwamfutar da take da fakitin 2015 ko 2017 za ta nuna maka ai akwai Visual C++ a kai, mai ita ma zai rantse maka ya saka, kuma gaskiyarsa ne, amma wannan fayil ɗin babu shi.

Wanda yafi wannan ciwo shi ne wanda baya nuna saƙon komai. A 2024 da Visual Studio 2022 siga 17.10 ta fito, an canza yadda std::mutex yake farawa, wato makullin da yake hana ɓangarori biyu na firogiram taɓa abu ɗaya a lokaci guda. Firogiram ɗin da aka gina da ita in ya haɗu da tsohon msvcp140.dll na ƙasa da 14.40, duk fayilolin suna nan, babu wanda ya ɓata, amma da zarar ya zo kulle mutex sai ya mutu. Kwastoma ya danna, alamar jira ta ɗan juya, shiru. In kaga haka ka buɗe Event Viewer, Windows Logs, Application, ka nemi jan layin. Zaka ga faulting module MSVCP140.dll da sigarsa da kuma hanyar foldar da aka ɗauko shi, da lambar 0xc0000005. Wannan hanyar foldar ita ce zinariyar, ka karanta ta da kyau. Sau da yawa ba daga System32 aka ɗauko ba, wani tsohon kwafi ne yake zaune a gefen exe, ko naka da ka saka shekaru biyu da suka wuce ka manta, ko na wata manhajar da take loda DLL ɗinka a cikinta. Windows tana fara duba foldar firogiram kafin System32, saboda haka ko ka saka sabon fakiti sau goma tsohon nan na gefe ne zai ci gaba da shiga. Akwai makaro da ake sakawa, _DISABLE_CONSTEXPR_MUTEX_CONSTRUCTOR, yana mayar da tsohon hali, kuma yana da amfani in DLL ɗinka a cikin manhajar wasu yake aiki baka da iko da foldarsu. Amma in kai ke da instola, gyaran gaskiya shi ne ka cire tsohon ka kai sabo.

Akwai kuma rikicin da tun wajen gini yake tare ka, LNK2038 mismatch detected for RuntimeLibrary, yace MT_StaticRelease bai dace da MD_DynamicRelease ba. Ni wannan ina ganin alheri ne, gara linka ta tsayar da kai a ɗakinka da ace a shagon mutane abin ya fashe. Ma'anarsa wani laburare an gina shi da /MT, mai cusa rantayim a ciki, wani da /MD, mai neman rantayim a DLL daban. Shiga Properties na kowane furojet, C/C++, Code Generation, Runtime Library, ka mayar da su iri ɗaya. In _ITERATOR_DEBUG_LEVEL ya ambata, 0 da 2, to Debug da Release ka cakuɗa. Masu CMake daga siga 3.15 akwai CMAKE_MSVC_RUNTIME_LIBRARY, ka saita shi sau ɗaya a sama. Masu vcpkg ku lura da tirifilet, x64-windows na /MD ne, x64-windows-static na /MT ne, x64-windows-static-md kuma laburaren a cusa su ciki amma rantayim ya zauna /MD. Laburaren da aka baka a gine babu sos kod, kai ne zaka bi shi, shi ba zai bi ka ba.

Na huɗu: zaɓi yadda zaka kai shi

Hanya uku ce. Ko instola ɗinka ya ɗauki vc_redist ya saka wa kwamfutar gaba ɗaya, ko ka kwafi DLL ɗin ka ajiye a gefen exe, ko ka gina da /MT komai ya shige cikin exe.

Ni ta farko nake ba shawara ga yawancin aikinmu. Kuma ka saka fayil ɗin a cikin instola, kar kace zai sauko daga intanet lokacin sakawa. Na x64 wajen MB 24 ne kawai, amma ka tuna yadda ake saka manhaja a nan, a fulash ake kai ta, cikin kasuwa inda netwok yake zuwa yana tafiya, mai shago kuma ba zai kunna maka hotspot ɗinsa da daɗin rai ba. Ka ɗauko shi daga Microsoft kai tsaye, aka.ms/vs/17/release/vc_redist.x64.exe, ko daga foldar VC\Redist ta cikin Visual Studio ɗinka, wadda ita tabbas ta dace da kompailarka. Duk ranar da ka sabunta Visual Studio ka sabunta wannan fayil ɗin a foldar instola, ka rubuta shi a jikin bango in ta kama, don nan ne rikicin 14.40 ɗin can yake shigowa.

Ta biyu tana da amfani in kwamfutar ofis ce da ba a ba ma'aikaci izinin admin ba, ko manhajar da ake so ta tashi daga fulash. Ka kwashe duk abinda yake foldar Microsoft.VC143.CRT, kar ka tsinci biyu ka bar saura, siga ɗaya su zama. Illarta sabuntawa ta dawo wuyanka har abada.

Ta uku tana da daɗi ga ɗan ƙaramin exe guda ɗaya tilo. Amma in kana da DLL da yawa kowanne zai zama da nasa rantayim a ciki, fayil ɗin da wannan ya buɗe wancan bai san da shi ba, sai ka shiga wata sabuwar matsala. Qt da ake saukewa a gine /MD ne, C++/CLI ma baya yarda da /MT. Merge modules ɗin da ake sakawa a MSI kuwa Microsoft da kansu sun ce a daina tun Visual Studio 2019.

Na biyar: rubuta shi a instola yadda ya kamata

Da Inno Setup, manhajar haɗa instola, zanyi misali don shi mafi yawanmu muke amfani da shi, kuma baya da nauyi. Kuskuren da yafi yawa shi ne a duba ko akwai rantayim kawai, ba a duba sigarsa ba. A rajistiri ka je HKLM\SOFTWARE\Microsoft\VisualStudio\14.0\VC\Runtimes\x64, akwai Installed, akwai Major, Minor da Bld. Installed zai nuna 1 ko da na 2015 ne. Saboda haka ka karanta Minor, wato lambar da take bayan 14, da RegQueryDWordValue ka gwada da naka, in da 14.40 kayi gini kuma Minor ɗin kwamfutar bai kai 40 ba, ko makullin ma babu shi, a saka. Ka kula da wane ɓangaren rajistiri kake karantawa, instola mai 32 bit Windows tana karkatar da shi zuwa WOW6432Node, don haka kayi amfani da HKLM64 in na x64 kake nema, HKLM32 in na x86. A NSIS SetRegView 64 ne yake wannan aikin.

Umarnin sakawa shi ne vc_redist.x64.exe /install /quiet /norestart. Kar ka jefa shi a sashen Run kawai ka wuce, don a can ba zaka iya yanke hukunci akan abinda ya dawo da shi ba. Ka sa masa dontcopy a sashen Files, a cikin PrepareToInstall ka fito da shi da ExtractTemporaryFile, ka kira shi da Exec kana jira ya gama, sannan ka duba ResultCode. 0 ya shiga lafiya. 1638 yana nufin akwai wanda ya fi naka sabunta a kai, wannan ba matsala bace, wuce abinka, kar ka tsorata kwastoma da jan akwati. 3010 ya shiga amma sai an sake kunna kwamfuta, ka sa NeedsRestart ya zama True. 1618 kuwa wani instola ne yake aiki a bayan fage, yawanci Windows Update a sabuwar kwamfutar da aka yi wa famat, ka nuna saƙo da Hausa ko Turanci mai sauƙi cewa a ɗan jira a sake gwadawa. Duk wata lamba daban ka tsayar da sakawar ka nuna lambar, ya fi ace manhajar ta shiga rabi. Kuma instola ya nemi izinin admin, PrivilegesRequired=admin. In WiX kake yi, Burn bundle ne wajen wannan, ExePackage da DetectCondition da ExitCode, tunanin ɗaya ne.

Abu ɗaya kuma, ranar da aka cire manhajarka kar instola ya cire rantayim, wasu manhajojin suna dogara da shi.

Windows 7 har yanzu tana nan a bizines santa da ofisoshin makarantu duk da Microsoft sun daina kula da ita tun Janairun 2020. In kaga api-ms-win-crt-runtime-l1-1-0.dll is missing, Universal CRT ne babu, wanda a Windows 10 yana cikin tsarin tun asali amma a 7 sai ta sabuntawar KB2999226, ita kuma sai akwai Service Pack 1. Ka yanke shawara tun wuri ko kana tallafa wa 7 ko a'a, in a'a ka sa MinVersion a Inno ya faɗa wa mutum gaskiya tun a farko. Saƙon side-by-side configuration is incorrect kuma na 'yan 2005 da 2008 ne masu manifest, sxstrace zai gaya maka ainihin sigar da ake nema.

Waɗanda ba C++ suke ba

Ciwon ɗaya ne, suna ne ya bambanta. A .NET na zamani firogiram ɗin da aka gina wa 6 ba zai hau 8 da kansa ba, kuma mai tagogi Desktop Runtime yake so ba rantayim zalla ba. dotnet --list-runtimes zai nuna abinda yake kai, amma mafi sauƙi kayi dotnet publish -r win-x64 --self-contained true, instola zai yi nauyi amma ka huta. A Java in kaga UnsupportedClassVersionError, 52 Java 8 ne, 61 Java 17, 65 Java 21, ka haɗa naka rantayim da jlink ko jpackage ka daina dogara da wanda yake kwamfutar. Masu MinGW ku tafi da libstdc++-6.dll da libgcc_s_seh-1.dll da libwinpthread-1.dll na ainihin kompailar da kuka yi gini da ita. Masu Linux kuma GLIBC_2.34 not found yana nufin kayi gini a sabon tsari ka kai tsoho, Ubuntu 22.04 tana da 2.35, 20.04 tana da 2.31, ka gina a cikin Docker na mafi tsufan wanda kake son tallafawa.

Na shida: gwaji a kwamfuta tsirara

Wannan matakin wallahi shi ne wanda in ka tsallake duk na sama ba ka san ko sun yi aiki ba. Kwamfutar abokinka ba gwaji bace, tana da gem da Office da tarkace da suka riga suka kawo rantayim. In Windows ɗinka Pro ce kunna Windows Sandbox daga Windows Features, duk buɗewa sabuwa fil take zuwa, ka jefa instola ka gani. In Home ce ko ram ɗinka kaɗan ne, VirtualBox, ka ɗora Windows ka ɗauki sinafshot kafin ka saka komai, bayan kowane gwaji ka koma kansa. Ka cire mata intanet lokacin gwajin.

Kuma gwaji uku zakayi ba ɗaya ba. Tsirara babu rantayim. Sannan wadda ka saka wa tsohon fakitin 2015 ko 2017 da gangan, don ka tabbatar duba Minor ɗinka yana aiki. Sannan wadda take da tsohuwar sigar manhajarka, ka ɗora sabuwa a kai, ka leƙa foldar ka gani ko tsofaffin DLL sun rage, in sun rage sashen InstallDelete ne zai share su. Kar ka tsaya a ganin taga ta buɗe, ka buga rasit, ka fitar da rahoto, ka taɓa na'urar yatsa, don wasu DLL sai an zo amfani da su ake loda su kuma dumpbin baya ganin waɗanda ake kira da LoadLibrary. In wani abu ya ƙi, Process Monitor na Sysinternals, tace da sunan exe ɗinka, ka nemi layukan NAME NOT FOUND masu ƙarewa da dll, zaka ga duk foldar da Windows ta leƙa da wadda ta ɗauka a ƙarshe.

Sai ka sa SetupLogging=yes a Inno, shi ma vc_redist ka ƙara masa /log da hanyar fayil. Ranar da aka kira ka daga Sabon Gari kana Kabuga, ba sai ka hau adaidaita ba, kace a shiga foldar %TEMP% a turo maka fayil ɗin Setup Log na ranar da na vc_redist ta WhatsApp, tare da hoton layin nan na Event Viewer.